Ranar da Aka Kama Jan Biro da Satar Amsa

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi a aji biyar, kuma ba a taɓa jin yaron da ya saci amsa a gabanta ya sha ba. Yara suka laƙaba mata Jan Biro, saboda wani jan biro da take maƙalawa a wuyan rigarta, wanda ba ya fitowa sai zai yi ɓarna. Sunan ya bi ta har gida. Iyayen yara ma in sun sha'afa da shi suke kiranta, sai su yi sauri su kama baki. A gabanta dai Malama ake cewa.

Babu maɓoyar amsar da ba ta sani ba: bayan rula, cikin safa, murfin biro, gefen benci. Tafin hannu kuwa ta ce na marasa dabara ne, tunda gumi ke fara tona musu asiri kafin ita. Ba ta duka, ba ta ɗaga murya. Sai dai ta zo ta tsaya a kan yaro ta ce, "Buɗe hannunka." Akwai magidanta masu furfura a yau da in suka hango ta a titi sai su ji sun dunƙule hannu ba su sani ba.

Mijinta gyaran agogo yake yi, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Agogo. Da ido ya fara rauni sai ya bar rumfarsa, ya dawo da teburinsa falo kusa da taga, da gilashinsa na ido ɗaya da ƙananan gwangwanaye cike da kusoshin da ba su kai ƙwayar gishiri ba. Shi ne matsoracin gidan, haka aka sani. Sau biyu yake duba ko an kashe gas. In za su yi tafiya, awa guda kafin lokaci yana tasha, da lema a hammata ko da sama tana wasai. Malama takan gaya wa baƙi, a gabansa, "Tsoron gidan nan duka shi na bar wa, ni ba ni da lokaci." Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Shekara talatin da takwas suna tare, bai taɓa musa wannan maganar ba.

Shekara biyu da yin ritaya ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Da likita ya ce ciwon daji ne, sai ta ciro littafi ta sa shi ya maimaita komai a hankali tana rubutawa, har ta gyara masa wani lissafin kwanaki. Aka yi mata aiki. Daga nan aka fara ɗaura mata ruwan magani duk bayan mako uku, a wani dogon ɗaki mai kujeru takwas, kowace da sandar ƙarfe a gefe inda ake rataya ledar ruwan. Gashinta ya zube, abinci ya daina mata ɗanɗano, amma ba wanda ya ga hawayenta. A zuwa na biyu ma ita ke tsara wa mutane layi, tana tsawata wa masu ɗaga murya a waya.

A gida kuma sai ta tsiri tsabta. Ta goge kayan sawa, ta ninke, gobe ta warware ta sake gogewa. Ta fito da kofuna daga kabad ta jera su bisa tsawo. In autarsu ta bugo waya tana tambayar jiki, sai ta ce, "Ni garau nake, ubanki za ki tambaya, shi ne duk ya rame."

Wata rana ma'aikaciyar jinyar ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta zagayo da takardu. Ta ce ana gwajin wani sabon magani na rage fargaba ga masu ciwon daji, ana neman masu so. Rabin waɗanda suka shiga za a ba su ƙwayar gaske, rabi kuma ƙwaya mai kama da ita sak amma ba komai a cikinta. Kwamfuta ke rabawa, likitoci da kansu ba su san wa ya sami wacce ba sai an gama. Amma kafin a ɗauki mutum sai ya cika wata takarda mai tambaya goma. Kowace tambaya amsarta lamba ce: sifili in abin ba ya faruwa, ɗaya in jefi-jefi ne, biyu in sau da yawa, uku in kusan kullum.

Malama ta ji an ce tambaya goma, ta gyara zama. Ta karanta: Gabanki yakan faɗi ba dalili? Sifili. Kikan kasa zama wuri ɗaya? Sifili. Kikan ji kamar mugun labari na tafe? Sifili. Cikin minti biyu ta gama, ta kife takardar, ta duba ko akwai wanda ya riga ta.

Sista ta tara ta ce, "Malama, biyu kika samu. Sai mai goma sha biyar zuwa sama ake ɗauka. Ba ki kai makin ba."

"Ban kai me ba?"

"Makin. Ai abin farin ciki ne, yana nufin hankalinki a kwance yake."

Malama ba ta ji ƙarshen maganar ba. Tun da uwarta ta haife ta ba a taɓa ce mata ba ta kai maki ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, matar da ke kujerar gefenta, wadda sai da aka karanta mata tambayoyin, ta ci ashirin da ɗaya, har ana ba ta takardar sa hannu. Malama ta tambaya ko ana sake zama. Sista ta ce takardar duk zuwa ake bayarwa, tunda hali yana canzawa. Da ta juya baya, Malama ta zare guda daga cikin tarin ta ninke ta tura a jaka.

Kafin su isa gida ta gama shirya hujjarta, kuma hujjar ta gamsar da ita ƙwarai. Gidan nan akwai mai fargaba, ciwon nan ne kuma ya jawo masa. Asibiti ya kafe sai mai ciwon za a ba magani, to wannan kuskuren asibiti ne, ita kuma aikinta gyaran kuskure. Da la'asar ta jawo kujera gaban teburin Mai Agogo, ta zare jan biro.

"Malam, ajiye wannan. Tambaya zan yi maka, ka ba ni lamba daga sifili zuwa uku. Magani zan samo maka."

"Maganin me, Malama?"

"Na tsoro. Gabanka yakan faɗi ba dalili?"

Ya cire gilashin daga idonsa, ya dube ta ya daɗe, har ta ƙwanƙwasa tebur da biro. Sannan ya ce, "Uku."

"Na sani. Kakan kasa zama wuri ɗaya?"

"Uku."

"Kai da kake wuni a kujerar nan? To, a zuci ne ke nan. Kakan ji kamar mugun labari na tafe?"

"Uku. In waya ta yi ƙara ma ya fi uku."

"Babu fiye da uku, kada ka ɓata mini takarda."

Haka suka bi har ta goma, wadda ke tambaya ko mutum yakan ɓoye wa mutanen gidansa abin da ke damunsa. Nan ko jira bai yi ba, ya ce sifili. Malama ta ce wannan kam gaskiya ce, ai ko unguwa ta san halinsa. Ta tara, ashirin da huɗu. Ta ji tausayinsa ya kama ta, ta kuma ji daɗin ya fi matar gefenta da uku.

A zama na gaba ta zuba lambobin nan daga ka. Sista ta dubi takardar, ta dubi Malama, ta ce a hankali, "Ba komai, da yawa sai a karo na biyu suke iya faɗa." Malama ta sha mur, ta sa hannu a takardar yarda bayan ta karanta kowane layi, har da wanda ya ce kada a ba kowa maganin. Ta ga layin sarai. Aka ba ta farar kwalba mai ƙwaya bakwai, aka ce ɗaya kowace safiya, ta dawo duk mako ta cika takarda a ba ta wata.

Kowace safiya bayan shayi sai ta ɗora masa ƙwaya a tafi, ta tsaya a kansa kamar mai tsaron jarrabawa. Ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa, maƙogwaronsa ya motsa. Ta ce, "Buɗe baki." Ya buɗe. Ranar jajiberin asibiti kuma a zauna a yi tambaya goma.

Matsala biyu suka taso. Ta farko, ruwan maganin ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Matar da take zuba jadawalin sau har na goma sha tara ba tuntuɓe, sai ga ta a mako na farko ta tsaya cak a tambaya ta shida, ta rasa biyu ce ko uku. Gumi ya keto mata. Ta canka, amma ta yi rantsuwa ba za a sake ba. Jaka ba a barinta kusa da mutum, takarda kuma tana ƙara. Sai ta yi nazari: tunda a hagu aka yi mata aiki, ba a taɓa ɗaukar jini ko awo a wannan hannun, kullum dama ake nema. Hannun hagu ba mai kallonsa. A mako na biyu ta shiga banɗakin asibiti, ta rubuta lambobi goma a tafin hagu, ƙanana, a jere tsaf, da jan bironta.

Ta biyu ita ce ɗalibin ba ya ci gaba. Ashirin da huɗu ta koma ashirin da biyar, ta koma ashirin da shida. Daidai lokacin ne aka sa mata ranar ɗaukar hoto, wanda zai nuna ko ciwon ya tafi ko yana nan, kuma duk kwanan da ya matso sai makin Mai Agogo ya hau.

"Malam, mako uku kana shan magani, maki na hawa maimakon sauka. Wasa kake yi da ni?"

"Abin da ke nan nake faɗa, Malama."

"To ta bogin suka ba mu. Na san za a yi haka. Gobe sai na yi musu magana."

Ba ta sami damar yin maganar ba. Washegari ta cika takardarta, hannun hagu a cinya tana ɗan leƙawa kamar mai duba farce, ta miƙa. Sista ta auna ta a dama yadda aka saba. Har ta naɗe abin awon, sai ta tsaya ta ce, "Malama, na ga kwana biyu kina dunƙule hannun hagun nan. Bayan irin aikinki hannu yakan kumbura, bari in gani."

"Lafiyarsa lau."

"Bari dai in duba. Buɗe hannunki."

Malama ta ji maganar ta daki ƙirjinta. Ta san muryar, ta san tsayuwar, ta kuma san babu inda ake zuwa daga nan, domin ita ta ƙirƙiro wurin. Ta buɗe. Gumi ya riga ya yi aikinsa, jan tawada ya bi layukan tafin, amma ana iya karanta uku, uku, uku, biyu.

Sista ta ciji leɓe. Ta juya ta kalli bango tana danne dariya, kafaɗunta na rawa. Da ta juyo idonta da ruwa, ta ce, "Malama, mu je wurin likita."

Likitar gwajin yarinya ce da ba ta wuce sa'ar autarsu ba, amma ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Malama ta fara da borin kunya, ta ce tsarin ne ba daidai ba, ta ce mai fargaba yana gida an bar shi. Da ta kai inda take ba shi ƙwayar, likita ta ajiye biro.

"Mama, kin ba mutumin da ba mu auna ba maganin da mu kanmu gwada shi muke yi? Yana shan wani magani?"

"Na hawan jini."

"Ina yake yanzu?"

Yana inda yake kullum, a bencin barandar asibitin da lemarsa. Sista ta shigo da shi. Likita ta fara jero masa tambaya, ko yana jin jiri, ko bugun zuciya, tana jawo abin awo. Mai Agogo ya ɗaga hannu ya ce ta dakata. Ya laluba aljihu ya fito da ɗaya daga cikin gwangwanayen kusoshinsa, ya buɗe a kan tebur. Fararen ƙwayoyi ne a kwance kan auduga.

"Ashirin da ɗaya ne, 'yata, ki ƙirga. Ko ɗaya ban haɗiya ba. Da shi nake yawo kada ta gani a gida."

Malama ta miƙe tsaye. "A gabana kake sha! Ina kallonka!"

"Ruwa kike kallo ina sha, Malama. Mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe kusar agogo tsakanin yatsu, ƙwaya ce za ta gagare shi?"

Wannan ya fi kamun da aka yi mata ciwo. Safiya ashirin da ɗaya ana satar hanya a ƙarƙashin hancinta, kuma wai matsoracin gidan ne. Ta koma ta zauna.

Likita ta sauke ajiyar zuciya, ta ƙirga ƙwayoyin, ta rufe gwangwanin. Sannan ta jawo takardun makonnin ta ce, "Baba, to ko ba ka sha ba, lambobin nan naka ne, kuma sun yi yawa. Ya kamata mu duba ka."

"Ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

Ya juya lemar a hannunsa. Bai dubi matarsa ba, likita yake kallo. "Nata ne. Ni tsorona na gas ne da makara, wannan kowa ya sani, ba ya bukatar takarda. Da ta ce gabanka yakan faɗi, sai na tuna yadda take dafa gefen tebur duk lokacin da waya ta yi ƙara, na ce uku. Rigata guda sau huɗu ta goge ta a mako ɗaya, shi ne na rashin zama. Shirin rediyon da ta shekara ashirin ba ta bari ya wuce ta, yanzu sai ta kunna ta tashi ta bar shi yana yi wa kujera magana. Tun da aka sa ranar hoton nan, kofin shayi da hannu biyu take ɗauka. Na ga in na ce mata ke ce, za ta cinye ni ɗanye. In kuma ta kawo muku a matsayin nawa, aƙalla dai ya iso gare ku."

Malama ta dubi tafin hannunta. Lambobin da ta sata, ta haddace, ta ɓoye a banɗaki tana rubutawa, ashe nata ne tun farko. Tsoro take ji. Tun ranar da yatsanta ya taɓa ƙullutun take jinsa, tsoron mutuwa, da tsoron ta bar wannan mutumin shi kaɗai da lemarsa, kuma ba ta taɓa bari ko ita kanta ta ji an faɗa ba.

Likita ta gaya mata gaskiya ba kwana-kwana. An cire ta daga gwajin, za a soke makonninta uku, za a kuma rubuta dalili, domin amsar ƙarya guda tana iya sa a yi wa dubban marasa lafiya hukuncin da ba daidai ba. Malama ta gyaɗa kai, ita ma da haka za ta yi. Likita ta ƙara da cewa akwai maganin da aka daɗe da sani, akwai kuma wadda ake zama da ita a yi magana duk mako, kuma waɗannan ba sai an ci wani maki ba.

"A ba ni takardar," in ji Malama.

"Mama, ba dole ba ne yanzu."

"A ba ni. Sista, kawo ruwa da sabulu in wanke hannun nan. Shi kuma a mayar da shi can kusa da ƙofa, ya juya baya."

Aka yi yadda ta ce. Wannan karon minti ashirin ta ɗauka. A tambaya ta uku sai da ta ajiye biron ta sake ɗauka. Da ta gama ba ta kife takardar ba. Ta ce a kawo ta ɗazu, wadda ta kwafa daga hannu, ta jera su gefe da gefe, ta zare jan biro, domin aikin da ba a duba ba bai zama aiki ba a wurinta. Ta bi layi-layi tana yi masa maki. Ta ɗaya daidai. Ta biyu daidai. Har ta tara bai kuskure ko guda ba.

"Malam, zo nan. Tara ka ci cikin goma."

Ya matso yana gyara tabarau. "Wacce na faɗi?"

"Ta goma. Ko kina ɓoye wa mutanen gidanki abin da ke damunki. Kai ka ce sifili. Uku ce, kusan kullum."

Ya sunkuya ya karanta tambayar da kansa, a hankali, yadda yake duba cikin agogo. Sannan ya ɗago.

"A nan ba zan yarda ba, Malama. Kin yi ƙoƙari, amma ko rana ɗaya ba ki ɓoye ba."

Ta buɗe baki za ta ce ba a jayayya da mai maki, sai hawaye suka riga ta. Sista ta tura mata kwalin tishu, ta ture shi. Ta kama hannun rigar mijinta, rigar nan da ta sha guga, ta kifa fuskarta a kai, ta yi kukan da ta shafe wata biyar tana riƙewa. Shi kuma ya tsaya yadda yake, lema a ɗaya hannun, bai ce mata ta yi shiru ba.

Da ta lafa ta goge ido, ta jawo takardarsa. Ta soke taran da layi ɗaya, ta rubuta goma a gefe, ta sa hannu a ƙasa kamar yadda doka ta ce a yi in malami ne ya yi kuskure.